Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata: Attajirin Da Amana Ta Zame Wa Jari

Da wuya a sami Bahaushen da ke neman abinci a nan Kurmi wanda bai taɓa jin sunan Alhaji Alhassan Ɗantata ba. Sai dai in ka tambayi matasanmu ko wane ne shi, iyakar abin da za su ce maka shi ne mai kuɗi ne na Kano, kakan su Ɗangote. Kuɗin kawai aka riƙe. Yadda aka yi kuɗin suka taru, da haƙƙoƙin mutane da suka rataya a wuyansa yana tara su, an bar wannan a baya.

A yau manyan kamfanoni na yawan maganar nauyin da ke kansu game da ma'aikatansu, da masu sayen kayansu, da garin da suke zaune a ciki, har wasu kan buɗe ofis musamman don haka. To iyayenmu fatake sun san wannan abu tun ba a san kamfani ba, kuma sunan da suke kiransa da shi hakki da amana. Shi ya sa na ga ya dace mu bi tarihin wannan bawan Allah daga farko, mu ga yadda ya zauna da mutanen da arzikinsa ya ratsa ta hannunsu, domin mu ma 'yan kasuwa ne, kuma baƙi ne a inda muke.

ASALINSA

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877. Danginsa Agalawa ne, wato ɗaya daga cikin gidajen nan uku da suka yi fice wajen fataucin goro, su da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakansa Baba Talatin shi ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mahaifiyarsa kuwa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta.

Sana'ar gidan ita ce tafiya Gwanja. Ayari kan tashi daga ƙasar Kano da jakuna da alfadarai ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu da busasshiyar albasa, a yi watanni ana tafiya kafin a kai kasuwar Salaga da ke arewacin ƙasar Gana ta yau, a sayar a sayo goro a juyo. Zuwa da komowa kan ci kusan shekara guda. A cikin ayari akwai jagaba mai nuna hanya, akwai uban dawaki, amma nauyin kowa a kan madugu yake. Shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin da za a biya kafin a wuce, shi ke raba wa kowa abin da zai bayar gwargwadon kayansa, shi ke tsayawa in wani ya kwanta ciwo ko ya rasu a hanya, har ya kai wa magada dukiyarsu gida. Madugun da aka taɓa kamawa da cin amana, to baɗi ba mai binsa. Ka ga ke nan a gidan da aka haifi Alhassan sunan mutum shi ne rabin jarinsa.

MARAICI DA BAUTA

Yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka mahaifinsa ya rasu, wajen 1885. Bayan an raba gado mahaifiyarsa ta tafi Ankara, wato birnin Accra, ta ci gaba da kasuwancinta a can, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Ita ta yi renonsa, kuma daga sunanta ne aka sami laƙabin Ɗantata. Abin lura a nan, mutumin da ya zo ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma a zamaninsa, da sunan baiwar da ta rene shi duniya ta san shi, kuma da shi zuriyarsa ke amsawa har gobe.

Ya yi karatun allo a Bebeji, kuma kamar sauran almajirai yana karatu yana 'yan ƙwadago da ƙananan saye da sayarwa don ya ci abinci, domin gadon da ya samu bai daɗe ba ya ƙare. A nan ne ya koyi tattali. Iyalansa na ba da labarin asusun da yake jefa 'yan kuɗinsa a ciki tun yana yaro.

Sai kuma yaƙin basasar Kano ya zo. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893 aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda, suka fita suka ja daga. Agalawa suna ɓangaren Tukur, kuma ɓangaren nasa ne aka ci, Alu Babba ya shiga Kano a 1894. An kashe mutane da yawa, an kama wasu bayi, cikin waɗanda aka kama har da Alhassan da 'yan uwansa Bala da Sidi. Daga baya suka fanshi kansu suka komo Bebeji. Wato tun bai kai shekara ashirin ba ya ɗanɗani maraici da talauci da zama a hannun wani. Wanda ya bi ta wannan hanya ba sai an gaya masa abin da yaron gida ke ji ba in maigida ya danne masa hakki.

GORO TA RUWA

Ya taɓa bin ayari ya tafi wurin mahaifiyarsa a Ankara. Ba ta zaunar da shi ta ce ga dukiya ci ba, wurin malami ta kai shi, ya ci gaba da karatu yana neman na kansa. A wannan zama ya ga abin da sauran fatake ba su mai da hankali a kai ba. Kasuwar Salaga ta watse tun yaƙin da aka yi a can a 1892, ciniki ya koma Kumasi da garuruwan bakin teku, ga kuma jiragen ruwan Turawa suna zirga-zirga tsakanin Ankara da Sekondi da Ikko. Abin da jaki ke yi a watanni, jirgi na yinsa a 'yan kwanaki.

A farkon shekarun 1900, lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903 hanyoyi suka buɗe, Alhassan na cikin Hausawan farko da suka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a yi Arewa da shi. Ya haɗa da cinikin duwatsun wuya da murjani da yadin Turawa. Hanyar jirgin ƙasa ta kai Badun a 1901, ta kai Kano a 1911, sai tafiyar ta ƙara gajarta. Mai yin sahu ɗaya a shekara ya koma yin sahu da yawa. Wannan hanya da su Alhassan suka bi ita ce ta haifi zaman da yawa daga cikinmu a nan. Da Yarabawa suka shiga dashen goron Gwanja a Agege da Shagamu da kewaye, sai iyayenmu suka daina ƙetarawa Gana suka zauna kusa da gonakin. Har yau gbanja Yarabawa ke kiran wannan goro, sunan Gwanja ne ya bi shi.

Duk wanda ya taɓa sana'ar goro ya san ba ta yiwuwa sai da yarda. Goro a cikin huhu yake, an lulluɓe shi da ganyen fita an ɗaure. Mai saye a Kano ba zai kwance kowane huhu ya ƙirga ƙwarya-ƙwarya ba, kuma ba zai ga na ƙasa ba ko ya yi sankara. Sunan wanda ya aiko shi ake saye. Wanda ya jera manya a sama ya cusa ƙanana da masu sankara a tsakiya zai ci riba sau ɗaya, daga nan huhunsa sai an zazzage shi ƙasa kafin a taya. A wannan makaranta Alhassan ya yi sunan da Turawa suka zo suka tarar.

ZAMANIN GYAƊA

Da jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano a 1912, auduga Turawa suka sa rai za su samu, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi musu, ga kuɗi ga abinci ga harawa. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, ba su jin Hausa, don haka suka nemi attajiran goro ta hannun Sarki Abbas. Irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo su ne suka fara karɓa. Alhassan ya shigo daga baya, a 1918, lokacin da kamfanin Niger Company ya neme shi ya riƙa saya masa. Cikin 'yan shekaru ya wuce waɗanda suka riga shi, ya gina gidansa a Sarari kusa da Koki, kuma da aka haɗa Niger Company da wani kamfanin aka kafa UAC a 1929, shi ne babban mai saya musu gyaɗa.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda cinikin ke tafiya, domin a nan maganar amana take. Kafin kaka Bature zai ɗauki kuɗi masu yawa ya ba attajiri. Attajiri ya rarraba wa wakilansa, wakilai su rarraba wa yaransu da ke zaune a ƙauyuka da tashoshin jirgi, su kuma su sayi gyaɗa a hannun manoma mudu-mudu har ta cika buhu. Kuɗin nan na ratsa hannu huɗu ko biyar, ya yi tafiyar kwana da kwanaki a kan jaki ko raƙumi, mafi yawa babu takarda babu sa hannu, kuma a ƙarshen kaka dole gyaɗa ta fito daidai da kuɗin. In mutum ɗaya a tsakiya ya gudu da abin da aka ba shi, attajirin ne zai biya. Abin da ya ɗaga Alhassan sama da saura shi ne yana da mutanen da zai iya ba kuɗi ya yi barci, kuma shi ma ana iya ba shi a yi barci.

HAKKIN YARAN GIDA

Irin waɗannan mutane ba a kasuwa ake sayensu ba, renonsu ake yi. Tsarin da attajiran Kano suka gada daga fatauci, wanda Alhassan ya faɗaɗa fiye da kowa, shi ne yaro ya shigo gidan maigida yana ɗaukar kaya ko yana tsaron rumfa. In an ga hankalinsa sai a fara aikensa da ƙananan kuɗi. In ya dawo da su cif sai a ƙara. Cinsa da suturarsa da maganinsa na kan maigida, in ya isa aure a yi masa, in an yi masa haihuwa a yanka rago. Daga nan a ba shi kaya bashi ko jari ya juya, a raba riba yadda aka yi alkawari, har ranar da zai tsaya da ƙafarsa ya zama shi ma maigidan wasu. Ta haka mutanen Ɗantata suka bazu a garuruwan Arewa da nan Kurmi, suna sayen gyaɗa da fatu da hatsi, suna kawo shanu Ikko suna komawa da goro.

Wani zai ce ai wannan dabarar kasuwa ce, don amfanin kansa yake yi. Haka ne, ya amfana ƙwarai. Amma yaron da ya san akwai ranar da za a sallame shi da jari ba ya satar maigidansa, domin in ya yi, gobensa ya sata. Wanda kuwa ya ga na gabansa ya shekara goma sha biyar yana bauta an kore shi da jakar kayansa kawai, to tun yau zai fara yanka wa kansa rabonsa a ɓoye. Maigida ne ke zaɓar irin yaran da zai samu.

HAKKIN MANOMI

A nan sai mun faɗi gaskiya, domin tarihi ba waƙar yabo ba ne. Cinikin gyaɗa na zamanin Turawa ba a gina shi don jin daɗin manomi ba. Farashi daga Ingila ake yanko shi. Haraji da kuɗi ake biyansa, kuma da kaka ake karɓa, daidai lokacin da gyaɗa ta fi araha, don haka manomi ba shi da halin ajiyewa ya jira. Da yawa sukan ci bashi tun da damina a kan amfanin da bai nuna ba, kaka ta yi a kwashe a farashin da aka ga dama. Ga 'yan baranda a bakin sikeli, manomi bai iya karanta lamba ba, abin da aka ce masa shi ne nauyin kayansa. Da kasuwar duniya ta faɗi a farkon shekarun 1930 farashin gyaɗa ya zube, kuma talakan ƙauye ne ya fi kowa jin jiki. Alhassan a cikin wannan tsari ya yi kasuwanci, a cikinsa ya sami riba, kuma ba shi da ikon sauya shi.

Abin da ke hannun ɗan kasuwa a irin wannan hali shi ne mudunsa da sikelinsa da biyan kuɗi a kan lokaci. Daga 1918 zuwa 1955 shekara 37 ke nan mutanensa na komawa ƙauyukan nan kowace kaka, alhali ga wakilan John Holt da G.B. Ollivant da kamfanonin Faransa, ga Kwarori da Larabawan Tarabulus, kowa da sikelinsa a buɗe yana kiran manomi. Manomi bai yi boko ba amma ba wawa ba ne, in an cuce shi bana ya san inda zai kai baɗi. Mu da muka zauna a gaban malamai mun san akwai sura guda a Alƙur'ani da aka sa wa sunan masu tauye mudu, kuma mun san abin da ya sami mutanen Annabi Shu'aibu a kan wannan laifi.

Shi kansa Alhassan bai tsira daga danniyar tsarin ba. Ya nemi a ba shi izinin fitar da kaya waje da kansa ba tare da ya bi ta hannun kamfanonin Turawa ba, aka hana shi. Lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnati ta karɓe sayen gyaɗa, a 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa wadda ke yanka farashi tana ba wasu kamfanoni lasin saya mata. Sai a kakar 1953 zuwa 1954, saura kaɗan ya bar duniya, sannan ya sami wannan lasin da sunansa. A waɗannan shekaru ne dalar gyaɗa ta cika Kano, saboda jirgin ƙasa ya kasa kwashe abin da ake nomawa, ana jera buhu wajen 15,000 a dala guda, kuma sunansa ne aka fi dangantawa da ita.

KUƊI DA TSORON ALLAH

Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na shekarar 1929, da ya kai kuɗin azurfa lodin raƙuma 20 ajiya a bankin Turawa na Kano, wanda shi ne ya zama First Bank a yau. Mutane kan tsaya a kan raƙuman, amma dattawan Kano kan ƙara da cewa ajiya kawai ya kai, bai yarda a ɗora masa kuɗin ruwa ba. An kuma san shi da rashin almubazzaranci a ci da sutura, abin da wasu ke ɗauka rowa ce. Wanda kuɗin mutane ke kwana a hannunsa bai kamata a gan shi yana facaka ba, domin ranar da aka fara ganin haka ranar ake fara janye jiki.

Ya sauke farali a farkon shekarun 1920 ta jirgin ruwa, a zamanin da mafi yawan alhazanmu a ƙasa suke tafiya ta Sudan su yi shekaru a hanya, kuma daga baya ya taimaki wasu suka je. An san gidansa da sadaka da yankan shanu ana raba wa talakawa da babbar salla. Ya kafa makaranta a gidansa inda 'ya'yansa suka yi karatu. Wajen 1950 yana cikin jagororin attajiran Kano da suka haɗa kuɗi suka kafa kamfanin Kano Citizens Trading Company, wanda ya buɗe masaƙar zamani a birnin, domin a riƙa sarrafa audugar ƙasa a gida 'ya'yan talakawa su sami aikin yi. Attajiran da ke gasa da juna a kasuwa su zauna su zuba kuɗi a tukunya ɗaya don amfanin gari, ba ƙaramin abu ba ne ko a yau.

WASIYYARSA DA RASUWARSA

Da ciwo ya tsananta masa a 1955 ya ga alamar ba zai tashi ba, sai ya tara 'ya'yansa tare da babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli. Abin da ya hore su da shi shi ne su zauna tare kada su bari kamfanin ya watse, su riƙe zumunci, su kula da 'yan uwa musamman marasa hali, kuma su guji rigima da sauran attajiran Kano. Dubi wanda aka kira zaman, har da ma'aikacinsa, ba 'ya'yan cikinsa kaɗai ba. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

'Ya'yansa irin su Ahmadu da Sanusi da Mahmudu da Aminu sun riƙe kamfanin Alhassan Dantata and Sons, kowa kuma ya buɗe nasa. Alhaji Sanusi ya rasu a 1997. Alhaji Aminu ya rasu ranar 28 ga Yuni 2025, aka binne shi a Madina. Alhaji Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne, domin mahaifiyarsa Hajiya Mariya 'yar Alhaji Sanusi ce. Ita kuwa gyaɗar da aka yi arzikin da ita ta tafi. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 da kuɗin man fetur sun kashe dalar, a 1986 gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Mun sha ganin gidajen attajirai da ba su kai shekara biyar bayan mai gidan ba, an sayar da rumfa an raba kuɗin a kotu. Wannan gida ya haura shekara 70 bayan mai shi, kuma hajar da aka fara da ita ma babu ita.

ABIN DA YA SHAFE MU

'Yan uwa, zamanmu a nan a kan irin wannan amana aka kafa shi. Tun da aka yanka wa Hausawa unguwar Sabo a Badun a 1916, bafatake kan sauka gidan maigida da shanunsa, dillali ya sayar wa mahautan Yarabawa bashi, maigida ya tsaya a kan cewa kuɗin za su fito, in ba su fito ba ya biya daga aljihunsa. Bayarabiya mai goro kan ba Bahaushe kaya ya kai Arewa ya dawo ya biya. Yanzu waya ta zo, ana tura kuɗi ta banki cikin minti ɗaya, amma har yau mai loda tumatur ko albasa ko shanu daga Arewa yana sakin kayansa ne saboda sunan wanda zai karɓa.

To mu tambayi kanmu tsakani da Allah. Yaran da ke rumfunanmu, nawa ne suka san ranar sallamarsu da abin da za a sallame su da shi? 'Yan dakon da ke sauke mana mota tun asuba, ana biyansu a ranar ko sai sun yi ta sintiri? Kwandon da muke sayarwa, na ƙasansa irin na samansa ne? Mudun da muke saye da shi, shi ne wanda muke sayarwa da shi? Zakkar kayan kasuwa fa? Malamanmu sun karantar da mu cewa mai juya kaya kullum zai ware wata guda a shekara ya ƙiyasta abin da ke rumfarsa, ya haɗa da kuɗin hannunsa da bashin da yake sa ran za a biya shi, in sun kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin arba'in, wato naira 25 a kowace 1,000. Da yawanmu sai dai mu raba 'yan turamen atamfa da azumi mu ce mun fita.

Sannan ga hakkin masu masaukinmu. Ba mu manta abin da ya faru a Shagamu a 1999 ba, da na kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021, inda aka yi asarar rayuka da dukiya ta kowane ɓangare. Kasuwancin gaskiya kaɗai ba zai hana fitina ba, domin fitina na da masu hura ta. Amma duk wanda ya ga irin waɗannan ranaku ya san akwai Hausawan da maƙwabtansu Yarabawa suka ɓoye a ɗakunansu, akwai kuma Yarabawan da Hausawa suka kare, kuma ba a ranar aka ƙulla wannan ba. An ƙulla shi ne a shekarun da aka yi ana ciniki ba cuta, ana zuwa jana'iza da biki, ana ɗaukar ɗan gari aiki. Kasuwar da muke samun abinci a cikinta, in magudanar ruwanta ta toshe ko rijiyarta ta lalace, bai kamata mu jira ƙaramar hukuma ba alhali muna da halin gyarawa.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya da Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa ita ce a fara da abin da ke hannunmu. A sami mudu da sikeli na ƙungiya a kowace kasuwa wanda mai saye zai iya zuwa ya gwada kayansa. Duk maigidan da zai ɗauki yaro a rubuta shekarun da zai yi da abin da za a sallame shi da shi, a gaban shaidu biyu, ƙungiya ta ajiye takardar. A kuma sa malamanmu su riƙa zama da 'yan kasuwa sau ɗaya a shekara ana lissafin zakka, a fitar da ita ta zama jari ga mutum biyu ko uku maimakon a watsa ta ɗari-ɗari. Ba sai mutum ya tara lodin raƙuma 20 zai iya wannan ba, mai tebur ɗaya ma akwai hakkin wani a kansa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu zuwa wannan ƙasa. Mu kuma Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya raba mu da hakkin mutane, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin.